Hannun Tahiru Mai Silima

Da la'asar sakaliya za ka ga Malam Tahiru ya fito daga gidansa na Zango, farin ƙyalle a kafaɗa, akwatin ƙarfe a ka. In ya isa filin bayan bariki sai ya kafa sanduna biyu, ya ɗaure ƙyallen, ya goge gilashin inji da bakin rawaninsa, ya yi alwala. Da an sallame magariba sai ya kunna fitila, ya kama mariƙin inji ya shiga juyawa, mutane su fara motsi a jikin ƙyalle. Shekara talatin da wani abu yana wannan, tun Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Bana ido ya gaza, ya ajiye. Ban ji an buga masa ko gwangwani ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Silimar da ya fara da ita ba ta magana. Hotuna ne jere a kan doguwar igiya mai kama da fata, hannun mutum ke tafiyar da ita. In ka yi sauri, mutanen ciki su yi ta tsalle kamar fara. In ka yi sanyi da yawa, zafin fitila ya ƙone igiyar, ka san inda za ka kwana. Tahiru ke juyawa, shi ke kuma gaya mana abin da ake ciki.

Ya san inda ake kuka. Yakan ce kukan Nasara daban, namu daban. In saurayi da budurwa suna rabuwa a bakin jirgi, Nasara a kan kujeru sai zaro hankici, mu kuwa a kan tabarmi sai wani ya ce, "To, mata sun ƙare ne a garin?" Amma a nuna tsohuwa ta gama girki ta zauna tana ci ita kaɗai, ko gawa da mutum biyu kacal ke rakawa, sai ka ji filin ya ɗauki jan hanci, har da mahautan kasuwa masu cewa hayaƙin fitila ne. A irin wuraren nan Tahiru shiru yake yi, ya sassauta hannu.

Abin da na fi riƙe masa shi ne na Iya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya da ke Birni. An ɗauki ɗanta Gana soja lokacin yaƙin Jamus na farko. Bayan shekara biyu takarda ta zo cewa ya rasu. A makon nan aka kawo wata igiya mai nuna sojoji baƙar fata suna hawa jirgin ruwa, a cikinsu wani dogo ya waiwayo ya dubi mutane. Wata maƙwabciya ta gani, ta kai labari. Washegari Iya Falmata ta zo, ta gani da idonta, ta miƙe tsaye ta ce, "Ga shi nan da ransa! Wa ya ce ya mutu?"

Daga nan ta hana a yi masa sadaka. 'Yarta Larai, wadda ta ba ni wannan labari, ta ce uku ta wuce, bakwai ta wuce, malamai sun zo sun koma, dangi sun yi fushi, ita kuwa ta ce ba a yi wa mai tafiya sadakar mamaci. Kullum sai ta zo da ƙwaryar fura ta miƙa wa Tahiru: "Ɗan nan, ka sa masa a akwatin. Ba ya son tsami." Mutane suka mai da abin na dariya. Tahiru bai taɓa ko murmusawa ba.

Ana gobe arba'in, ana kuma gobe za a mayar da igiyar inda ta fito, ya je har gidanta ya durƙusa.

"Iya, ba kowa a akwatin nan. Hoto ne, an ɗauke shi tun kafin su ƙetare ruwa. Furarki musakai nake ba wa."

Can ta ce, "Ranar da aka tafi da shi bai waiwayo ba. Na bi su har ƙofar gari ina kira."

"Ki zo yau, Iya."

Ina filin ranar. Da aka zo wurin dogon sojan, Tahiru ya sassauta hannu fiye da yadda ya taɓa yi. Sojan ya juyo a hankali, a hankali, har ya tsaya yana dubanta. Muka fara jin ƙaurin igiya. Iya Falmata ta ɗaga hannu ta ce, "Gana, na yafe maka. Sauka lafiya." Sannan Tahiru ya sake juyawa. Ni ma na yi kuka, ban kuwa ɗora wa hayaƙi ba.

Da safe aka yi sadakar arba'in. Tahiru bai samu zuwa ba, yana tsare a bariki saboda tabon ƙuna da aka gani a igiyar Nasara. Kwana takwas ya yi, bai ambaci sunanta ba.

Malam Tahiru, kai ne ka gaya wa tsohuwa gaskiya ba ka bar ta da ita hannu wofi ba. Dogo mai sanyin hannu, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka. Masu sababbin injuna da ke tafiya da kansu, da duk wanda aka damƙa wa wani aiki, su riƙa duban fuskar mutumin da ke gabansu, kamar yadda ka yi.

Kwanan baya na tambaye shi ko sojan nan Gana ne da gaske. Ya ce, "Allah ne ya sani. Ni dai na ga uwa tana jiran waiwaye, kuma mariƙin yana hannuna."