Kawar Kwatano da Ruwan Rijiya

Salamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara sittin da wani abu ina riƙe da wannan magana, ko 'ya'yana ba su sani ba. Jiya na ga wani a nan shafin ya sa hoton kwanon abincin teku yana cewa zai riƙo wa iyalinsa.

Farkon 'yancin kai ne. Ina matashin ma'aikaci a wani ofis na unguwar Plateau a Yamai, aka aike ni Kwatano rakiyar kaya. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa ba.

A bakin teku wata mata ke gasa kifi da jatan lande, tana kuma buɗe kawa, wani nama mai laushi cikin ɓawo biyu, ta matsa lemun tsami. Kwana biyar kullum ina gabanta. Wallahi ban taɓa cin abu mai daɗin nan ba, kuma ina jin kunyar cewa har yau bakina bai manta ba.

Matata Zainabu tana gida Kirkissoye, ƙetaren kogi, da cikin wata bakwai, cikinmu na fari, ga kwaɗayi. Na ce sai ta ɗanɗana.

Mai kawar ta ce tafiyar ta yi nisa. Na nace. Ta ba ni rayayyu cikin buhu jiƙe da ruwan teku, ta ce kada wani ruwa ya taɓa su. Na yi dariya a raina. Ni ɗan mai goro ne na kasuwar Katako, wa zai koya mini tafiya da ɗanyen kaya? Na naɗe su da ganye kamar goro. Jirgin ƙasa zuwa Paraku, babbar mota zuwa Gaya, Dosso, Yamai. Duk inda muka tsaya sai in nemi rijiya in yayyafa musu ruwa, ina jin kaina gwani.

Ashe da hannuna nake kashe su.

Da na isa wasu sun buɗe baki, da ɗan wari. Na ce ai haka warin teku yake. Zainabu ta zuba yaji muka ci tare. Ta ce, "Malam, ashe ka tuna da ni."

Kafin la'asar amai ya fara, sai zawo kamar ruwa. Lokacin babu gada, asibiti kuma yana ɗaya gefen kogin. A kwalekwale aka ƙetara da mu, muna kwance a ƙasan jirgin, mahaifiyarta Inna Ramatu ta tallafe mata kai.

A asibiti aka raba mu, ni ɗakin maza, ita na mata. Aka ɗebi jini da bayan gida, aka rataya mini ƙarin ruwa. Jijiya ta ɓace, sai a ƙafa suka samu. Aka sayar da kekena don magani.

Likita ya tsaya kaina ya ce, "Me kuka ci?"

Na ce tuwo.

Tsoro ne, da kunya. Ban sani ba ko gaskiyar da ta canza wani abu. Wannan rashin sanin shi ne ciwon da bai warke ba.

Kullum da safe Inna Ramatu takan leƙo da kwanon kunu. In ce, "Inna, yaya Zainabu?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗana. Sha." Kwana tara tana faɗin haka.

Ranar da na iya tsayuwa na dafa bango har ɗakin mata. Wata ce daban a gadon. Tun kwana na uku aka binne Zainabu, da jaririn da ya zo bai yi kuka ba. Inna ce ta hana a gaya mini, wai kada in bi su.

Na warke. Wata biyu ina gidanta kamar tsumma, ita ke ba ni abinci a baki. Na yi fatan mutuwa sau ba adadi, ba zan ɓoye muku ba. Ita kuwa ta ɗauka annoba ce ta ruwan kogi. Har ta bar duniya tana gaya wa mutane, "Surukina mutumin kirki ne, daga Kwatano ma bai manta 'yata da tsaraba ba."

Na gode wa Allah da ya ba ni rai. Na gode wa ma'aikatan da suka yi ta nemo jijiyata. Allah ya jiƙan Inna Ramatu.

Ku kuma, in kun je bakin teku ku ci ku more a can, ku baro shi can. Wanda ya buɗe baki ko ya canza wari, zubar. Mai ciki kada ta ci ɗanye. In amai da zawo sun haɗu, asibiti nan take. In likita ya tambayi abin da kuka ci, ku faɗa.

Kawa muka ci, likita. Ni na kawo ta.