Kanwar Ramin Wahba

Shekarar da 'yata ta fari ta haihu a Riyad, ni aka ɗauko daga gida na yi mata jego. Ita aikin jinya take a wani asibiti, mijinta kuma injiniya ne a kamfanin gine-gine. Suna zaune a unguwar Malaz, a saman wani bene, gidan da ba tsakar gida, ba murhu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina gajiya. Ruwan wanka daga bango yake fitowa da zafinsa. Na yi abin da zan iya da busasshen ganyen darbejiyar da na ƙullo.

Tun ba a yi arba'in ba na yanke shawara. Idan bizata ta ƙare, da 'yata da jaririyar zan koma gida, su yi watanni a gabana. Haihuwar fari ce, ba wanda zai ce na yi ba daidai ba. Na gaya mata. Ta ce asibiti za su ba ta hutu in ta nema, sannan ta sunkuyar da kai. Na san ba ta so, na kuma san ba za ta musa mini ba.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Kanwar da na zo da ita ta ƙare, kunun kanwa ya tsaya, mai jego ta rame, nono ya ja baya. Na sa ta ta gaya wa mijinta ya nemo. Ni da shi ba ma magana kai tsaye. Ya durƙusa ya gaishe ni da safe, na amsa ina kallon bango, sauran zance ta bakinta yake bi. Ya fita ya dawo da wani farin gari a gwangwani, irin wanda ake zuba wa burodi. Ga shi kuma ranar da ba aiki sai ya ɗaura wasu manyan takalma, ya rataya jaka, ya tafi hawan duwatsu da abokansa. Ba itace zai yo ba, ba dabba ta ɓace masa ba. Na ce a raina, wannan ne zan bar wa mai jego?

Bayan arba'in ya kai mu umra a motarsa. A hanyar dawowa ya saki babban titi, ya ce wa matarsa ta gaya mini akwai abin da yake so na gani kafin na tafi. Lokacin sanyi ne, an yi ruwa kwanakin baya. Muka ratsa fili na baƙaƙen duwatsu kamar an zubar da gawayi, har muka tsaya kusa da wata rumfa. Wurin suna ce masa Wahba.

Na fito ina dafa mota, sai na ga ƙasa ta ƙare a gabana. Rami ne, zagayayye kamar kwano, unguwarmu duka za ta shiga ta bar wuri. 'Yata ta ce wai wuta ce ta fashe daga ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da ba mutane, ta bar wannan. Na ce Allah mai iko. Can ƙasa akwai ɗan tabki kwance, ko motsi ba ya yi, kewaye da shi kuma fari fat, da jirwaye ja-ja a gefe. Na ƙura ido. Kakata daga ƙasar Manga take, tun ina yarinya nake jin yadda kanwa ke fitowa a bakin tabki idan ruwa ya ja.

Na ce, "Ke, waccan ai kanwa ce."

Ta ce, "Kai Inna! Ke komai fari kanwa ne. Har garin sabulun wanki kin taɓa shinshinawa."

"Ki yi dariyarki. Ga ta can Allah ya shimfiɗa, mutane na zuwa kallo, ba mai ɗiba."

Da ita nake, ba da shi ba. Yana bayan mota yana fito da tabarma. Ya shimfiɗa mana, ya ajiye fulas ɗin shayi, ya zauna a kan dutse ya soma ɗaure takalman nan. Matarsa ta tambaye shi ina za shi. Ya ce akwai hanya ta can gefe, ya taɓa sauka. Ya ɗauki gorar ruwa da leda, ya tafi. Hula ma bai saka ba, ga kansa a aske tas saboda umra.

Muka zauna. Iska na kaɗawa a hankali, jaririya na barci a cinyata. Wasu Larabawa a rumfar gaba suna dafa gahawa, wata mata a cikinsu ta aiko mana da dabino. Ni dai idona na kan jar rigarsa. Yana bin gangaren a karkace, ya dafa dutse, ya tsaya, ya ci gaba, har ya koma kamar ƙwayar barkono. Da ya isa farin wurin na zaci zai duƙa ya ɗiba ya juyo. Sai na ga ya duƙa a nan, ya miƙe, ya yi tafiya mai nisa zuwa inda jan yake, ya sake duƙawa, ya zagaya bakin ruwan, ya kuma duƙawa.

Na ce, "Me yake nema haka kamar wanda ya yar da allura?"

'Yata ta ce, "Ni ma ban sani ba. Inna, ki sha shayinki, ya huce."

Ban sha ba. Hawowar ta fi saukar daɗewa. Rana ta ɗaga, inuwar rumfa ta janye daga ƙafafunmu, muka matsa ciki. Akwai inda ya zauna ya jima bai tashi ba. Na lura 'yata ta miƙe ta tsaya a jikin 'yar katangar da ke bakin ramin tana murza gefen abayarta. Ni kuma na ja carbi.

Ya iso yana haki, rigar ta manne masa, gwiwar wandonsa a yage, kan nan ya yi jawur. Duk da haka sai da ya durƙusa. Ya ajiye ledar a gefen tabarma, ya ce wa matarsa, "Ki ba Hajiya."

Na buɗe. Ƙulli uku ne, kowanne daban, ɗaya a hankici, ɗaya a ledar biskit, ɗaya a safarsa. Fari, da ja-ja, da mai duhu. Na gutsura na ɗora a harshe ɗaya bayan ɗaya. Kanwa tana da santsi, tana ɗan cizon harshe. Wannan gishiri ne da ɗaci, sai ƙasa-ƙasa. Na tofar.

Na ce, "Ki gaya masa ba ita ba ce."

Ya yi 'yar dariya yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ki ce wa Hajiya ni ma na lasa a can, na yi shakka. Amma na ce ni da na kawo garin burodi ba ni zan yanke hukunci ba. Kuma na ji ranar nan tana ce miki jar kanwa ta fi kawo nono, shi ya sa na je har inda jan yake."

Na tuna ranar. A kicin na faɗa, murya ƙasa-ƙasa, yana falo kansa a kan waya. Ashe yana ji.

Na ɗauki gorar ruwan da ke kusa da ni na tura gabansa. Na ce, "Malam, sha ruwa. Kuma gobe kada ka sake shiga rana da aski ba hula."

'Yata ta dube ni, ta dube shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "To, Inna."

Muka ci abin da muka zo da shi, muka yi azahar a nan bakin ramin, sannan muka kama hanyar Riyad. Tafiya ce mai tsawo, ya tuƙa yana ɗingisa ƙafa duk inda muka tsaya shan mai.

Washegari na tarar da 'yata tana jera kayan jaririya a akwatin da za mu tafi da shi. Na ce ta mayar da su cikin durowa, akwatin nawa ne ni kaɗai. Ta kwashe su ta mayar. Da na isa gida na shiga kasuwa da kaina na zaɓi jar kanwa mai kyau, na ba wani direba ɗan unguwarmu da zai koma aiki Riyad. Na ce ya damƙa ta a hannun maigidan 'yata, shi zai san inda zai ajiye.