Ranar da Mati Ya Gaji

Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san Mati mai jeri. Shi ke tsayawa a saman tirela, 'yan dako na miƙo masa buhunan riɗi yana jerawa, jerin da ko an sha gargadar hanya buhu ɗaya ba ya zamewa. Wurin mahaifinsa ya gaji aikin, mutumin da goro ɗaya ke kai shi la'asar.

Shi Mati zamaninsa daban. Da farko gadagi ne, ganyen nan mai ƙara kuzari, a kofin shayi. Sai ga tiramol, ƙwayar da likita ke ba mai ciwo mai tsanani, amma masu tallarta a faranti suka raɗa mata suna maganin gajiya. Ai kuwa ta yi maganin! Shekara tara ba a ji Mati ya ce ya gaji ba. Ƙwaya ɗaya ta koma huɗu, abinci ya fita ransa, ya bushe kamar kara, gogan naka yana ta fankama wai ƙarfi ne.

Wata Alhamis jijjiga ta kama shi a saman kaya, ya faɗo yana kumfa. Aka ce iskoki ne. Matarsa Hajjo ba ta yi musu ba, sai ta zazzage aljihunsa a gaban Ɗantsoho, Sarkin Dako, ƙwayoyi suka zubo.

Ɗantsoho ya ce, "Mati, kai da saman mota sai ka rabu da abin nan."

Wayyo, ya sha wuya! Wata huɗu yana zarya asibiti a Gumel ana rage masa a hankali. Gumi, zawo, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya. Hajjo dai tana dama fura tana ɗura masa.

Ranar da Ɗantsoho ya sake ba shi mota, kafin azahar ya jingina da buhu yana haki. Anas, tsohon abokin shansa, ya miƙo hannu a dunƙule: "Rabin ƙwaya kawai, mutumina." Mati ya dubi hannun, ya ce a miƙo masa ruwa. Da la'asar ya ɗaure tamfol, ya sauko da ƙafarsa, 'yan dako na ihu.

Yana isa gida ya zube a tabarma. "Hajjo, wallahi na gaji."

Sai ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo a guje suna tambayar ko lafiya.

Ta ce, tana dariya tana share hawaye, "Lafiya ƙalau. Maigida ne ya gaji!"