Ƙarar da Yayana Ya Kai

Shekarar da nake ƙarasa digirina na uku a Manchester, yayana yana gidan yari a Birmingham. Akanta ne. Ya sa hannu a takardun da bai kamata ba a wurin aikinsa, aka ɗaure shi shekara uku, kuma bai taɓa musanta laifinsa ba.

Yana da ciwon suga. Wani gyambo ya fito masa a ƙafa, ya yi ta rubuta takardar neman ganin likita, sati uku ba a kira shi ba. Ma'aikata sun yi ƙaranci, in ji su. Ranar da aka kai shi asibiti sai da aka yanke masa yatsu biyu.

Ya ce sai ya kai ƙarar hukumar gidan yarin. Lauyan da na samu a unguwar Rusholme ta Manchester ya gaya mini tallafin lauya ya yi wuya tunda gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sai dai mu biya shi da kanmu. Ni kuɗin karatuna ya daina zuwa daga gida. Matar Yaya kuma tana unguwar Lozells ta Birmingham da yara uku, haya ma da ƙyar. Sai Yaya ya zauna ya rubuta ƙarar da kansa, shafi goma sha ɗaya, da biro.

Kotu ta nemi kuɗin shigar da ƙara. Ya roƙi a yafe masa, aka ce ya kawo shaidar cewa ba shi da komai. Ya nemi shaidar a ofishin gidan yarin, ya yi ta jira. Ana cikin haka aka mai da shi wani gidan yarin a bayan gari.

Can na je ganinsa wata Asabar, bayan jirgin ƙasa da bas biyu. Ya shigo yana ɗingishi, ya zauna a hankali.

"Yaya, ina labarin kotu?"

"Sun kori ƙarar."

"Alƙalin ya ce ba ka da gaskiya?"

"Ko karantawa ba a yi ba, ƙanwata. An ce ban biya ba."

Na ce me ya hana shi gaya mini, ai da na nemo ko wajen ƙawayena ne. Ya ce wasiƙar gargaɗin da kotu ta rubuto masa, tsohon gidan yarin aka aika ta, ba ta iso hannunsa ba sai da wa'adin ya wuce. Na fara kuka, ya ce in daina, masu gadi suna kallonmu.

Na bincika, aka ce ana iya roƙon a dawo da ƙarar, amma shi ma sai an biya. Na gaya masa a waya. Ya ce in na samu kuɗin in saya wa yaransa rigunan sanyi.

Da ya gama zamansa ba a sake shi ba, daga gidan yari aka wuce da shi filin jirgi, aka kore shi daga ƙasar tunda ba ɗan ƙasa ba ne. Ba wanda ya sanar da mu ranar. Ina ɗakin karatu ya kira ni daga Legas da wayar wani direba, ya ce in gaya wa matarsa ya sauka lafiya.