Ƴar Ja da Baret ɗin Yaya Lawali

Ranar kasuwar Tasawa ce, cikin bazarar 2010, watanni kaɗan bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Ina tsaye a bakin wani shagon gyaran rediyo da salula, igiyar akuya naɗe a hannuna, babu akuya a jikinta. A kan teburi an kife ordinatar yayana Lawali, wato kwamfutar nan da ake ninkewa a saka a jaka, cikinta na kallon sama. Mai gyaran, wani siriri mai tabon ƙuna a yatsa, ya zare batir, ya kwance wasu ƴan kusoshi ya zuba su a marfin kwalba don kada su ɓata, ya ɗaga wata ƴar ƙofa da ke bayanta. Sannan ya warware takarda ya fito da abin da ya taso mu tun daga ƙauyenmu na wajen Urafane, wani ɗan koren falle mai haƙora ruwan zinariya a gefe, tsawonsa bai wuce yatsan babba ba. Baret suke ce masa. A ciki akwai gurbi biyu, ɗaya da irinsa, ɗaya wayam. Ya cusa sabon a karkace, ya danna shi ƙasa, na ji ƙwas. Ya mayar da ƙofa yana hira da maƙwabcinsa. Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce shi ke nan, ƴan mata. Ban yi kuka ba, ban kuma yi murna ba. Na tsaya ina kallon wani ƙuda da ke yawo a kan teburin.

Ban wuce shekara goma sha ɗaya ba a lokacin. Daminar da ta gabata ta ɗauke tun gero bai gama bununi ba, wake kuwa ko ganyen kirki bai yi ba, balle harawa. Rumbunmu da a da sai an ɗora ni a kafaɗa nake leƙa bakinsa in ga dammuna har wuya, a shekarar nan sai da Baba ya riƙa zura ni ciki ina sharo tsabar da ta zube a ƙasa. Aikina na kullum bai canza ba. In tashi in share tsakar gida, in bi Inna rijiya mu ja wasaki har tafin hannuna ya yi kanta, in kwaso itace, in ɗauki allona in tafi lakwal, wato makarantar boko. Abin da ya ƙaru shi ne anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗacin tsiya da sai an jiƙa ana sauya musu ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Inna takan ce, "Ku haɗiye kawai, ba a ce ku tsaya ɗanɗano ba." A lakwal benci ya riƙa yin fili, yau babu wance, gobe an ce su wane sun bi iyayensu kudu. Mu da muka saura mukan zauna gindin bedi mu yi carafke, amma gaɗa ta mutu, don ba mai ƙarfin tsalle. Rediyon Baba kuma ya fara faɗin kalmar yunwa a fili, abin da a da ba a yi. Baba ya saurara ya ce to, yanzu dai sun sani. Rumbu bai ji labari ba.

Abu ɗaya nake da shi a duniya wanda yake nawa na kaina, Ƴar Ja. Goggo Dado, wata Bafillatana aminiyar Inna da ke kawo mana nono, ita ta ba ni uwarta habbanaye. Al'adar ita ce a ba ka dabba mace ka riƙe, ka ci da ita, ka shayar da ita, in ta haihu ta yaye sai ka mayar da uwar ga mai ita, ƴaƴan kuma sun zama naka. Na mayar da uwar lafiya, har Goggo ta shafa kaina, Ƴar Ja ta zauna. Jar akuya ce irin tamu ta ƙasar Maradi, gashinta sumul, ga rashin kunya. Ta ci mini littafin karatu rabi, ta taɓa tsoma baki cikin furar Baba. Da ciyawa ta ƙare, ni nake fita da sanda bayan an tashi lakwal in kaɗo mata ƴaƴan gawo, in tsinto ƙaiƙayi a masussuka. Sauran bisashen gidan duk an kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya an auno hatsi, amma ba wanda ya ɗaga ido ya dubi Ƴar Ja. A wurinmu abin da yaro ya samu ta habbanaye nasa ne, ko ubansa ba ya kama shi sai da yardarsa.

Yaya Lawali shi ne babba a ɗakinmu. Ya yi shekaru a Libiya yana aiki a shagon hoto, ya dawo da ramar jiki da tari, da wannan ordinatar ta hannu, da ƴar kyamara. Shirinsa ya riƙa ɗaukar biki da suna daga Urafane har Kanan-Bakashe, ya gyara hoton, ya saka kiɗa, ya zuba a faifai ya kai wa masu shi, ya zauna gida kusa da Inna. Sai dai na'urar ta ƙi. In ya kunna ta, sai ka dama fura ka sha kafin ta buɗe ido. In ya ɗora mata hoto mai motsi sai ta sandare, ta yi zafi, wani abu ya yi ta gurnani a cikinta, har cajin da ya yi tattaki ya samo wurin mai grup, wato injin wuta, a Urafane ya ƙare a banza. Don gwaji ya taɓa ɗaukar Ƴar Ja tana tsalle daga kan turmi, ina bin ta da gudu. Da muka zo kallo, sai akuyar ta tsaya cak a sama, ƙafafu huɗu a iska, ta daɗe haka, sannan ta ɓace ta bayyana a bakin danga. Yara suka yi ta dariya. Yaya bai yi ba. Ya ce wurin da na'urar ke shimfiɗa aikinta ne ya yi mata kaɗan, kamar mace ta ce za ta yi shiƙar dami a kan faifai ɗaya, in an ƙara mata baret za ta sake. In kuma ba a ƙara ba, ba shi da abin yi a nan, zai koma arewa. Inna na tankaɗe ta ji wannan magana, hannunta ya tsaya. Ta san hanyar, ta san waɗanda suka bi ta ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Da hantsi ya same ni a gindin gawo ina kaɗo wa Ƴar Ja abinci. Mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba, wanda in ya yi gyaran murya nake barin tsakar gida, sai ga shi ya tsuguna a gabana yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Balki, ba ƙwace zan yi ba, ba kuma kyauta nake roƙo ba. Ki ba ni ita habbanaye, in sayar in sayi baret. In abin ya haihu, zan mayar miki da uwa." Na tambaye shi ko in na ba shi zai zauna. Ya ce in Allah ya yarda. Na dubi akuyar, tana ta tauna abinta, ko a jikinta. Na ce to. Ba wanda ya matsa mini, wannan kam gaskiya ce. Baba da ya ji ya ce ruwana, Inna kuma da za mu tafi ta ɗaura mini sabon kallabinta.

Kasuwar bisashe ranar ta cika maƙil, kowa ya kawo, ba mai saye. Shanun Filani na tsaye ƙashin haƙarƙari a waje, wasu sai an kama wutsiya an ɗaga su. Ƴar Ja ce mai tsoka a layinmu, shi ya sa ba ta daɗe ba. Wani mahauci ya tattaɓa bayanta, suka yi ƙus-ƙus da dillali, ya kwance igiyata ya miƙo mini ya ɗaura tasa. Ta waiwayo ta yi kuka irin na neman dusa. Daga nan muka wuce shagon mai tabon ƙuna. A motar komawa Yaya ya rungume jakarsa a ƙirji, yana ta ba ni labarin yadda zai sayi babur in kaka ta yi. Ni ina jin sa kamar daga bayan katanga.

Abin ya yi aiki, wallahi ya yi. Da ya kunna ta a zaure, kafin Inna ta gama gyara zama ta buɗe. Ya nemo hoton nan na gwaji ya danna. Sai ga Ƴar Ja ta taka turmi ta yi sama ta diro lafiya lau, kunnuwa na kaɗawa, ta zagaya rumbu, ga ni a bayanta ina dariya baki har kunne. Babu tsayawa, babu gurnani. Yara suka ce a sake, aka sake, aka kuma sakewa. Yaya ya dube ni ya ce, kin gani ko? Na ce na gani. Na tashi na je na ɗauke kwanon ruwanta daga gindin turke na kife shi.

Sai dai biki ya ƙi zuwa. Wa zai yi aure a shekarar da ake jiƙa anza? Waɗanda aka sa wa rana an ɗaga sai kaka. Suna kuwa a raɗa wa jariri da safe, a yi addu'a a watse, ba rago balle mai hoto. Yaya ya bi kasuwanni da jakarsa, Urafane, Mayahi, har El Alasan Mairairai, ya dawo ƙafa fari fat. Sau ɗaya wani ya kira shi, shi ma cewa ya yi a ɗauki shanunsa kafin su ƙare. Na'urar na zaure tana gudu kamar me, ba abin da za ta yi gudu a kai. Kowa ya yi lissafin baret, ba wanda ya yi lissafin wannan, har da Baba. Yaya ya daina fira. Yakan zauna ya buɗe ta ya rufe, ya buɗe ya rufe.

Ana fara ganin hadari a gabas ya sayar da na'urar ga wani malamin lakwal na Tasawa, ya auno wa Inna gero, sauran ya riƙe na mota. Amma kafin ya kai ta, ya kira ni zaure. Ya kife ta kamar yadda mai gyara ya yi, ya zare batir, ya kwance kusoshin da bakin wuƙa, ya buɗa wasu ƴan ƙarafa biyu a gefe, baret ɗin ya ɗago kai da kansa. Ya zaro shi ya naɗe a takardarsa ta asali ya saka mini a hannu. Ya ce, "Ga uwar na mayar miki. Ba ta haihu ba, ki yi haƙuri." Na ce ba komai. Da safe muka raka shi bakin hanya, Inna na ta addu'a, ni ina riƙe da ledar garinsa. Mota ta zo ya hau. Na koma gida na ɗauki tulu, don ranar ma akwai jan ruwa.

Ruwa ya sauka sosai a daminar nan, gero ya yi, aka yi bukukuwan da aka ɗaga, wani yaro daga Maradi ya zo ya ɗauka. Yaya ya kira daga Agadas, ya kuma kira daga can ciki, yana tambaya ko an yi shuka. Shekara na zagayowa yaƙi ya tashi a Libiya. Mutanen ƙauyukanmu suka yi ta dawowa a manyan motoci, Inna na fita duk ranar da aka ce wata ta iso, amma ba Yaya a ciki. Har ta rasu ba ta daina dafa tuwo da ɗan ragowa ba.

Yanzu ina koyarwa a Tasawa, ina da ordinata tawa, sojoji kuma sun sake dawowa, rediyo na irin maganar da na sani. Yaran ajina kowa ya iya ɗaukar hoto da wayar uwarsa, akuya ta yi tsalle su tura wa na Libiya kafin ta diro. Bara tawa na'urar ta fara nauyi, aka ce in ƙara mata baret. Na buɗe gwangwanin da nake ajiyar ƴan kunne na ɗauko na Yaya, yana nan cikin takardarsa, ko tsatsa babu. Yaron shagon ya juya shi ya yi dariya, ya ce, Malama, wannan ai tsohon yayi ne, tsagar haƙoransa ma ba ta dace da gurbin na yanzu ba, ba inda zai shiga. Ya kawo sabo ya cusa, na ji ƙwas, irin na ranar nan sak. Ya ce ko in bar masa tsohon ya jefar. Na ce a'a, akuyata ce. Ya dube ni bai gane ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Na naɗe abina na koma gida, na mayar da shi gwangwani. Har yau ban san ranar da zan yi kukan Ƴar Ja ba, balle na wanda ya are ta.