Amsar da Na Ba Mai Akumari

Ina malamin elemantare a Jibiya lokacin, kuma ina ji da kaina, wallahi, don na ɗan tsinci Faransanci. Akwai wani akawun duwan, wato kwastan, na tsallaken iyaka da yakan zo cin kasuwar Lahadi da littafi a aljihu. Sai ya ara mini har la'asar, in zauna gindin tsamiya kusa da shinge ina fassara wa masu jiran a duba kayansu. Tun farko na gaya musu marubucin bai yarda da Allah ba. Tambayarsa ɗaya ce: wanda aka zalunta har ya ce ya isa, ya halatta ya kashe? Aka yi ta a'uzubillahi, amma ba wanda ya tashi.

Ina da wata ɗabi'ar aji, in nuna mutum in ce, "A ce kai ne." Ran nan yatsana ya faɗa kan wani dattijo mai ɗinkin akumarin jakai.

"Baba, a ce kai ne aka kama aikin tilas. Mai tsaronku ya juya baya, ga dutse."

Kowa ya yi dariya ban da shi. Da aka watse sai ya matso.

"Malam, ni ne ɗin. Aikin hanya, wajen Maraɗi. Mai tsaron da na kwaɗa wa dutsen yaro ne, bai kai ka ba, shi ma kamo shi aka yi aka ba shi bulala. Mi littafin ya ce daga ƙarshe?"

Kunya ta kama ni, don ko rabi ban kai ba. Na ce ya dawo. Kowace Lahadi yakan tako tun daga Bugaje ya zauna a baya, allura a hannu, ba ya ɗinki. Ana haka aka canja wa akawun wurin aiki, ya tafi da littafinsa.

Dattijon ya zo, ya tarar da ni hannu rabbana, ba littafi. Kaico, na kasa gaya masa gaskiya.

"Na gama shi, Baba. Ya ce Allah mai gafara ne."

Ya daɗe yana kallona, ba fushi.

"Ai ka ce mutumen bai yarda da Allah ba, Malam."

Ya soke allurarsa jikin akumari ya saɓa. Lahadi nawa na yi ina duban hanyar Bugaje, bai sake zuwa ba.