Motar da Ke Zafi a Hannun Mama

Da Baba ya yi ritaya daga aikin gyaran injin jirgin ƙasa a Kafanchan, sai ya sayi wata tsohuwar jif a hannun wani mai fataucin citta. Doguwa ce, ruwan toka, ƙofar bayanta sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Bai taɓa kai ta gareji ba. Cewa yake mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwance injin da ya fi ɗakin kwanansa girma ba zai je ya tsaya gaban bakanike yana sauraron ƙarya ba. Shi da kansa ya koya wa Mama tuƙi a filin firamaren da take koyarwa, kuma a lokacin har alfahari yake da ita. Idan ta shigo harabar coci tana juya sitiyari, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana duba ko mutane sun gani.

A shekarar da nake magana, mahaifiyar Mama, wadda muke kira Kaka, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Tana zaune a ƙauyensu bayan Zonkwa, inda kwalta ke ƙarewa a shiga jar hanya mai ramuka, a hau wani dogon tudu kafin a ga rufin gidajen. Kowace Asabar Mama na loda wa jif garin acca, magunguna da wankakkun zannuwa, ta je ta yi wa Kaka wanka, ta yanke mata farce, ta juya ta a gado. Ni kuwa ina koyarwa a Sabon Tasha, na zo gida dogon hutu, ruwan sama kusan kullum.

Ina cikin motar ranar da ta fara zafi. Mun bar kwalta, Mama na tafiya a hankali da giya ɗaya, tana kauce wa taɓo. A tsakiyar tudun na ga allurar zafi ta bar inda ta saba tsayawa tana hawa. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya shigo, sannan tururi ya fara fita ta gefen bonet. Mama ta kashe injin. Muka zauna a gindin ɗorawa har ya huce, wata mata mai dawowa daga rafi ta ba mu ruwan bokitinta muka ƙara a lagireto. Muka ƙarasa, muka dawo, allura ba ta sake motsi ba.

Baba ya saurari labarin yana cin abinci. Da ya gama ya karɓi makulli, ya zaga gari, ya dawo ya ce, “Ba abin da ya same ta.”

Amma abin ya tsaya masa a rai. Washegari ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa kowane tiyo ya ji ko ya yi laushi. Ya zubar da ruwan lagireto, ya wanke shi har ruwan ya fito fari. Ya canza marfinsa. Ya ciro wani ɗan ƙarfe mai buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi, ya jefa shi a tukunyar shayin Mama, ya tsaya a kan murhu yana kallo har ya buɗe. Ya duba man inji ko ya koma kamar madara, wai alamar gaskit ya ƙone ke nan. Man na nan baƙi. Famfon ruwa ba ya yoyo, bel bai saki ba. Ya ɗauki motar ya yi doguwar tafiya a kwalta da gudu, tsakar rana, ya dawo allura na nan daram.

Asabar ta zagayo, Mama ta tafi ita kaɗai. A kan tudun nan motar ta sake tafasa.

A gidanmu da yarenmu ake magana. Amma idan Baba na so ya ci mutuncin mutum, da Hausa yake yi, don maƙwabta da masu wucewa su ji. Mama na shigowa da motar ya fito tsakar gida.

“Na duba komai,” ya ce. “Saura abu ɗaya ban duba ba, kuma shi ne ke zaune a kujerar direba.”

“Baba, yadda ka koya mini haka nake yi,” in ji Mama, da yarenmu, a hankali.

“Na koya miki, amma kan bai ɗauka ba. Kina jibge ƙafa a kan kuloci kamar kina taka laka. Yaran da kike koyarwa, Allah ya ji ƙansu.”

Ya sa ta koma cikin motar a gajiye, ya zauna gefenta da sandar rake a hannu, ya ce ta tuƙa ya gani. Ina tsaye a ƙofar gida suna wucewa suna dawowa. Duk canjin giya sai ya buga sandar a gaban motar. Motar ta mutu wa Mama a gaban masu sayar da gasasshiyar masara. Ya leƙo ta taga ya ce musu, “Kun gani da idonku.”

Ran Lahadi bayan sujada, dattawan ikilisiya na tsaye a inuwar mangwaro, Mama na cikin matan zumunta kusa da su. Wani dattijo ya tambayi lafiyar motar. Baba ya ce lafiyarta lau, ciwonta ɗaya, ta san bambancin namiji da mace. Suka yi dariya. Sannan ya kira Mama, ya miƙa hannu. Ba ta gane ba da farko. Ya ce, “Makulli.” A gaban kowa ta buɗe jakarta, ta yi ta fama da zoben makullan da farcenta kafin ta zare na motar. Wata daga cikin matan ta sunkuyar da kai. Sauran suka ci gaba da naɗe ɗankwalinsu.

Daga nan Mama ta koma shiga bas zuwa Zonkwa, sannan ta hau acaɓa da kayanta a cinya. Baba na gida, motar na ajiye a ƙarƙashin rumfa. Na ce masa ko shi ya riƙa kai ta. Ya ce shi bai auri ƙauye ba. Ba a daɗe ba mai acaɓa ya zame da ita a taɓo, mashin ya danne ta, salansa ya ƙone mata ƙwauri har fatar ta saluɓe. Aka kawo ta gida tana ɗingishi, zaninta duk jar laka. Baba ya dubi ƙafar da kyau, ya ce, “To, salansa ma bai yarda da ke ba.” Ciwon ya yi ruwa, ya kumbura. A asibiti suka ce kada ta sake hawa mashin sai ya warke. Asabar ta riƙa zuwa tana wucewa, Mama na zaune a baranda da ƙafa a kan kujera, tana kiran ƙanwarta a waya tana tambaya ko an juya Kaka, ko ta ci wani abu.

Gab da ƙarshen hutuna Baba ya ce in raka shi gonarsa da ke hanyar Kauru mu kai taki. Muka cika bayan jif da buhuna. Hanyar gonar ta lalace, dole ya koma giya ɗaya, injin na gurnani muna rarrafawa a wani hawa. Ni na fara ganin allurar. Tana hawa. Shi ma ya gani, ya ci gaba da tafiya kamar zai tsorata ta ta koma, har tururi ya rufe gilashi.

Ya sauka ya buɗe bonet da tsumma, ya ce in kashe injin. Na kashe na fito. Injin ya tsaya, amma fankar da ke bayan lagireto ta ci gaba da juyawa ita kaɗai, shuu, kamar ba abin da ke riƙe da ita. Baba ya jira ta tsaya, ya tura ta da yatsa ɗaya, ta sake zagayawa. Ya shafa tsakiyarta, ya nuna mini yatsansa da baƙin maiƙo.

Fuskarsa ta washe. Na daɗe ban ga irin wannan farin cikin a wurinsa ba. Ya yi mini bayani dalla-dalla, da yarenmu, da muryar da yake ba mu labarin jirgi muna yara. A cikin kan fankar akwai wani mai mai kauri. Idan inji ya yi zafi, man ne ke kama fankar ta juya da ƙarfi ta jawo iska. Man ya tsiyaye kaɗan-kaɗan, fanka na juyawa a ido amma ba ta jan komai. A kwalta da gudu, iskar hanya na shiga lagireto ta yi aikin, shi ya sa ba a gani. Sai an zo hawa, da kaya, a hankali, sannan asiri ya tonu.

Na ce, “Ke nan ba Mama ba ce.”

Ya goge hannunsa. “Na tambaye ki?”

Muna isa gida na faɗa wa Mama komai. Washegari Baba ya samo wani kan fankar a wurin masu sayar da kayan mota, ya ɗaura. Yana cikin wanke hannu Mama ta fito tana dafa bango.

“An ce ka gano ciwon,” ta ce.

“Na gano, na gyara.”

“To ba sai ka ba ni makulli ba, da wannan ƙafar ba zan iya taka komai ba. Ka kai ni in ga uwata. Mu je mu dawo yau.”

Da Hausa ya amsa. “Yanzu na sa sabon abu, kina so in je in kashe shi a taɓon ƙauyenku? Bari hanya ta bushe.”

“Ta daina cin abinci, Baba.”

“Idan kin je, ke za ki ci mata?”

Mama ta juya ta koma ciki. Na nemi motar haya da za ta shiga ƙauyen, direbobi suka ce sai ruwa ya ɗauke. Na koma Sabon Tasha makaranta ta buɗe. Hanya ba ta bushe ba Kaka ta rasu, da safe, ƙanwar Mama na ba ta ruwa a cokali.

Ranar jana'iza Baba ya wanke jif har tayoyi, ya ɗauki fasto da dattawa. Kujeru suka cika. Mama ta bi bas ɗin da matan zumunta suka yi shata, wanda ya maƙale a gindin tudu, muka ƙarasa da ƙafa, ina riƙe da ita a gefe ɗaya. Jif ta wuce mu a kan hawan, ba tururi, ba komai, fasto ya ɗaga mana hannu.

Bayan an rufe kabari ana rabon abinci, na ji muryar Baba a cikin maza. Ya buɗe bonet yana nuna musu fankar, yana ba da labarin yadda ciwon ya ɓoye masa da yadda ya kama shi. Mama na zaune a tabarma kusa da su, mutane na zuwa yi mata gaisuwa. Wani dattijo ya ce, “Ashe dai ba laifin Madam ba ne.” Baba ya ce, “Ai ita ta fara koya mata halin.” Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, saboda wurin makoki ne.

Ƙafar Mama ta warke ta bar tabo mai faɗi. Ba ta sake tambayar makulli ba, shi ma bai ba ta ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana wanke masa kaya. Zuwa coci kuwa da ƙafa take yi, ta fita tun kafin ya tayar da mota.

Da shekara ta zagayo ƙanena ya yi aure, ya kawo matarsa gida hutun Kirsimeti. Yarinya ce mai fara'a, ba ta san komai a kan abin da ya faru ba. Baba ya ce mace ta zamani ya kamata ta iya mota, shi zai koya mata. A tsakar gida suka fara. Mama na zaune tana tsince acca a faifai, daidai inda motar za ta juya. Baba ya leƙo ta taga ya danna hon, ya ce ta matsa. Ta ɗauki kujerarta da faifanta ta koma bayan kicin.